Ajiye Tokar, Malam: Martani Kan Goge Tsofaffin Kuɗi

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi dogon rubutu a kan tsofaffin kuɗin ƙarfe, inda ya yi kira ga duk wanda ya gaji anini ko kwabo mai huji ko sule da ya zazzage gwangwanin, ya samo toka da lemon tsami da gishiri, ya dirje su har sai sun ɗauki ido. Hujjojinsa huɗu ne. Ya ce tsafta cikon addini ce, kuma datti bai taɓa zama tarihi ba. Ya ce in ba a goge ba, yaran yanzu ba za su iya karanta abin da ke jiki ba. Ya ce tsatsa cin ƙarfe take yi, wanda ya zuba mata ido ya zuba wa ɓarna ido. Sannan ya rufe da cewa dokar hana goge kuɗi ta dillalan Turai ce, mu kuwa kakanninmu mata da toka suke goge azurfarsu, ba wanda ya taɓa ganin laifinsu.

Malam ya yi abin a yaba da ya tuna mana akwai kayan tarihi a ƙasan adudun iyayenmu. Sai dai shawarar da ya bayar, in aka bi ta, a wuni guda za ta yi wa kuɗin nan ɓarnar da shekara ɗari ba ta yi musu ba. Dalili kuwa shi ne duk wanda ya dirje kwabo ƙarfen kwabon yake cirewa, kuma ƙarfen da ya bi toka ya tafi ba ya dawowa.

Kafin a je ga hujjojin, ya kamata mu san mene ne a cikin gwangwanin. A 1907 Turawan Ingila suka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya domin wannan yanki, da tauraro mai tsini shida, da darajar kuɗin a rubuce da haruffan Larabci saboda masu karatun allo. Aninin farko na alminiyam ne, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure yanayinmu ba, shi ya sa daga 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Ɗari, wato rabin kwabo, ya biyo baya a 1911. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a kan kuɗi ɗaya, don haka kwabon da aka sayi fura da shi a Kano shi ne fataken goro ke kashewa a Kumasi. Daga 1913 aka fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sai tsadar azurfa bayan yaƙin duniya na farko ta sa aka koma farar tagulla a 1920. Nijeriya ta buga nata a 1959, sannan naira da kobo suka shigo ranar 1 ga Janairun 1973, da auduga a jikin rabin kobo, da rijiyoyin mai a jikin kobo ɗaya, da dalar gyaɗa a jikin kobo 25. Wato a gwangwani ɗaya za ka iya samun alminiyam da azurfa da jan ƙarfe da tagulla da nikel. Kowanne da halinsa, kowanne da abin da ke cin sa. Malam kuwa magani ɗaya ya rubuta musu duka.

Shi kuɗin ƙarfe bugawa ake yi. Ana sa fallen ƙarfe tsakanin hatimai biyu a danne shi da ƙarfin gaske, sai ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa gefe ya cika kowane lungu na zanen. Wannan malalar tana barin waɗansu siraran layuka a fuskar kuɗin, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, amma su ne ke sa in ka karkata sabon sule a rana ka ga haske yana zagayawa a kansa. Sau ɗaya ake samun wannan hasken, ranar da aka buga kuɗin, kuma babu maƙerin da zai iya mayar da shi in ya gushe. Daga nan sai iska ta fara nata aikin. Azurfa tana haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska ta yi duhu-duhu, wani lokaci da shuɗi ko ruwan ɗorawa a gefe. Jan ƙarfe yana tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, ya zauna a haka. Wannan launin fuskar ƙarfen ce da kanta ta rikiɗa, ba wani abu ne ya zo daga waje ya manne ba. In ta zauna sumul, ita ce ma ke tare iska da laima daga ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

To, a ɗauki kwabon 1959 mai ruwan ƙasa a jefa shi cikin lemon tsami da gishiri kamar yadda Malam ya ce. Kafin a ɗauki wani lokaci zai fito da wani irin ja mai kama da ɗanyen nama, launin da bai taɓa yi ba ko ranar da ya bar gidan bugu. A bi shi da toka, wadda cike take da ƙananan tsakuwoyi masu kaifi. Daga nesa zai yi ƙyalli. Amma a kai shi bakin taga a duba da gilashin ƙara girma: duk fuskar ta cika da siraran ƙarce masu bin hanya ɗaya, hanyar da yatsa ya bi, gefunan haruffa sun dakushe, lungunan da toka ba ta kai ba kuma sun rage baƙi, sai kuɗin ya zama dabbare-dabbare. Bayan 'yan makonni zai sake yin duhu, amma wannan karon da tabo-tabo, domin ƙarfen tsirara yake. Sai mai shi ya sake gogewa, ya sake rage masa kauri. Duk wanda ya san abin da man bilicin ke yi wa fata ya san wannan labarin: haske na ɗan lokaci, sannan tabo, sannan neman ƙarin mai. Shi kuwa aninin alminiyam, ƙaddararsa ta fi muni. Toka da kanwa narkar da alminiyam suke yi, duk matar da ta bar ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyam ta ga yadda take yin fari-fari da ƙuraje. Anini ɗan siriri ne, ba shi da ƙarfen da zai bayar.

Maganar tsafta ba a ja da ita, amma Malam ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Laka da maiƙo da ƙura da dattin hannu, waɗannan datti ne, a kan kuɗin suke zaune, kuma ana iya raba su da shi ba tare da an taɓa ƙarfen ba. A jiƙa kuɗin cikin tataccen ruwa wanda babu gishiri a ciki, a bar lakar ta jiƙu ta saki da kanta, a ɗauraye, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ya sha iska har ya bushe sarai. In maiƙo ne ko danƙon salatif, masu sana'ar suna tsoma shi cikin tsantsar asiton, wanda ke narkar da maiƙo bai taɓa ƙarfe ba, a wuri mai iska kuma nesa da wuta. Wanki ke nan, kuma ba wanda ya hana shi. Abin da Malam ya kwatanta kuwa kankara ce. Tsafta tana ƙarewa a inda datti ya ƙare, duk abin da ya wuce nan garin neman gira ne a rasa ido.

Batun karanta rubutu ma, gugar ce babbar mai kashe shi. Rubutun kuɗi tudu ne, kuma tudu shi toka ke fara ci. Kwabbai da yawa na wancan zamani suna ɗauke da wani ɗan mitsitsin harafi da ke nuna gidan da aka buga su: H na gidan Heaton, KN na King's Norton, dukkansu a Birmingham, alhali waɗanda aka buga a babban gidan bugu na Landan ba su da harafi. Kwabo biyu na shekara ɗaya, wannan ɗan harafin ne kaɗai zai iya raba wanda aka buga da yawa da wanda ba a cika samu ba. A kuɗin da ya riga ya sha hannu, guga biyu ko uku sun isa su shafe shi. In yaro ake so ya karanta, a kashe fitilar ɗaki, a haska tocilan daga gefe yadda haske zai kwanta a kan kuɗin, haruffan za su tashi da inuwarsu. A ɗauki hoto da waya a buɗa shi. Duhun da ke cikin lunguna shi ne ma ke fito da rubutun fili, kuɗin da aka goge fes walwali kawai yake yi a hoto. Da wannan dabara yaro zai iya gano sunan Sarki Edward na Takwas a jikin kwabon 1936, sarkin da ya hau gadon Ingila a watan Janairu ya yi murabus a Disambar shekarar, wanda ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a Ingila kanta ba, amma aka kashe kwabonsa a kasuwanninmu. Darasin tarihi ke nan ba tare da an taɓa toka ba.

A hujja ta uku ce Malam ya fi kusa da gaskiya. Lalle akwai tsatsar da ke cin tagulla. Masu adana kayan tarihi suna kiran ta cutar tagulla, kuma ba ta da wuyar ganewa: kore ce mai haske, gari-gari, tana fitowa ɗigo-ɗigo, in ka taɓa da tsinke ta zube, bayan kwanaki ta dawo, a ƙarƙashinta kuma rami ne. Ta sha bamban da koren da ya zauna daram, mai santsi, wanda ba ya motsi. Tushen wannan cuta gishiri ne. In gishiri ya shiga jikin jan ƙarfe ya samu laima da iska, sai ya riƙa haifar da ruwa mai ci, shi kuma ya ci sabon ƙarfe, haka abin zai yi ta zagayawa har kuɗin ya ƙare. Ke nan lemon tsami da gishirin da Malam ya ba da shawara su ne hanya mafi sauri ta dasa cutar da yake tsoro. Kuɗin da ya kamu, a ware shi daga sauran, a busar da shi, a nemi masu wannan aiki a gidan tarihi, domin suna da magungunan da ke tsayar da ita da kayan aikin da suke bi da ita ɗigo bayan ɗigo. Cutar kwabo ɗaya ba ta zama dalilin kankare lafiyayyu hamsin ba.

Saura zancen cewa al'adar Turawa ce. Ai su ma da goge-gogen suka fara, asara ce ta koya musu hankali. A 1922 wani sanannen Ba'amurke mai tara tsofaffin kuɗi, J. Sanford Saltus, ya mutu a masaukinsa a Landan yana cikin wanke tsofaffin sulalla da guba mai suna sayanaid, ya ɗauki kofin gubar ya kurɓa a zaton abin shansa ne. A nan nahiyarmu, Sarki Faruk na Masar ya tara dubban kuɗaɗe da ba kowa ke da irinsu ba. Bayan an tuɓe shi a 1952, aka yi gwanjonsu a Alƙahira a 1954, kuma har yau masu wannan harka suna takaicin yadda aka goge da yawa daga cikinsu aka shafe su da fenti mai sheƙi. Sarki guda da dukiyarsa da hadimansa bai iya mayar da fuskar kuɗi ɗaya da aka kankare ba. Daga irin wannan ne kamfanonin tantance kuɗi, irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suka tsaya a kan ƙa'ida: suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, amma wanda aka goge ba ya samun maki, sai dai a rubuta a jikin marufinsa cewa an goge shi.

Kuma ba Turawa kaɗai suka san darajar fuskar kuɗi ba. A dubi azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ta zo mana ta Sahara tun kafin Turawan mulki, wadda Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjin irinta a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Nauyinta giram 28, kuma kowace da aka buga bayan mutuwar sarauniyar tana ɗauke da shekara guda, 1780, ko a Biyana aka buga ta, ko a Landan, ko a Roma, ko a Bombay, ko da kuwa a ƙarni na 20 ne. Tun da shekarar ba ta faɗin komai, 'yan kasuwar Habasha da Yaman sukan ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'un da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar kafin su karɓa, in sun shafe su ƙi ta. Masana na yau ma da irin waɗannan ƙananan alamu suke gane wurin bugu da zamaninsa: lu'ulu'un kambinta, da gashin wutsiyar gaggafar da ke baya, da siffar alamar da ke bin shekarar. Wanda ya dirje wannan azurfa ya shafe mata takardar haihuwa.

Su kuwa kakanninmu mata, Allah ya jiƙan su, kayan ado suke gogewa. Azurfar da aka huda aka rataya a wuya, ko aka jera a kitson Fulani, ko maƙeran Agadas suka narka suka yi awarwaro da ita, ta riga ta bar layin kuɗi ta shiga layin kwalliya, kuma kwalliya ƙyalli take so. Wadda ke sanye da ita ranar biki ta goge abinta, ba mai cewa uffan. Amma Malam ba a kan sarƙar amarya ya yi rubutu ba, a kan adana tarihi ya yi, shi kuwa mai adana shaida ba ya gyara ta.

Akwai kuma abin da Malam bai hango ba, wato jabu. An sha fama da sulallan jabu a zamanin Turawa, har ta kai a 1938 aka fito da sule da fataka masu wani tsagi na musamman a gefe domin a wahalar da masu yin su. Jabu yawanci zubi ne a cikin mazubi, don haka yakan zo da 'yan ramukan kumfa da haruffa masu kumburi, ba shi da layukan bugu. Hanya mafi sauƙi ta ɓoye wannan aibi ita ce a goge shi. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya san kan abin, ko a kasuwar Kurmi ko a Landan, in ka miƙa masa tsohon sule yana walwali, abu biyu zai zarga: ko jabu ne, ko an ɓata na gaske. Ka ga mai gugar ya jawo wa kuɗinsa na halak zargin da ba shi da hanyar wankewa.

Kada a ɗauka ina cewa kowane gwangwani arziki ne. Yawancin kwabban nan an buga su da miliyoyi, kuma ko ba a goge su ba abin da za su kawo a kasuwa kaɗan ne. Masu yawo suna cewa akwai wani sinadarin ɓoye a cikin tsohon kwabo da zai mai da mutum attajiri, a yi hattara da su. Amma a kowane tari ana iya dacewa da ɗaya ko biyu da ba a cika samu ba, kuma mai gwangwani ba zai san wanne ne ba sai ya tambaya. Wanda ya fara tambaya kafin ya goge bai rasa komai ba, domin toka ba ta ƙarewa a murhu. Wanda ya fara gogewa ya rufe ƙofar tambaya.

Wannan ya fi ƙarfi ga kuɗin da aka tono. Ana samun tukunyar wuri ko ta sulalla a wajen haƙar harsashin gini ko a tsohon kufai, kuma abin da mutane ke fara yi shi ne su juye su wanke. A 2010 wani mutum a kusa da garin Frome na Ingila ya ci karo da tulu a gona. Da ya gane abin da ke ciki sai ya mayar da ƙasa ya kira masana. Suka kwashe kuɗin hawa-hawa, suka ƙirga sulallan Rumawa 52,503. Da yake ba a hargitsa su ba, an lura cewa mafi sabunta a cikinsu, na Sarki Carausius wanda ya mulki Birtaniya daga 286 zuwa 293, a can tsakiyar tulun suke, ba a sama ba. Wannan ya nuna a lokaci guda aka zuba su, ba tari ne na shekara da shekaru ba. Da ya juye tulun a bokiti, da kuɗin suna nan amma labarin ya tafi. An wanke su daga baya, amma ƙwararrun gidan tarihin Birtaniya ne suka yi, bayan an rubuta inda kowane hawa ya fito.

Abin da ya dace da mai gwangwani ba shi da yawa. Ya riƙe kuɗi ta gefe, domin gumin yatsa gishiri ne kuma yana barin zane. Ya raba su, kowanne a 'yar ambulan ta takarda mai kyau, kada su riƙa gugar juna. Ya nisanta su da leda mai laushi, wadda ke yi musu koren yauƙi, da kuma robar ɗaure kuɗi, wadda ke baƙanta azurfa. Ya ajiye su a wuri busasshe, musamman da damina, ya jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. A bayan ambulan ya rubuta wanda ya bar masa kuɗin, da garin, da abin da aka ce an saya da irinsa. In yana son ya kwatanta nasa da waɗansu, akwai Gidan Makama a Kano, akwai kuma gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya a Abuja.

Na san Malam zai iya cewa kayan mutum nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da su. Haka ne, in kwabonsa ne shi kaɗai. Amma ya hau jarida ya yi kira ga jama'a, kuma waɗanda za su amsa kiran yawancinsu abin da ke hannunsu gado ne, da haƙƙin 'yan'uwa da na jikoki a ciki. Ba a ƙara buga anini, wanda ya rage shi ke nan. Don haka ina roƙon Malam abu ɗaya. Ya samo kwandala biyu na 2007, ya goge ɗaya yadda ya koya mana, ya bar ɗaya, ya ajiye su har damina ta wuce, sannan ya duba su da gilashi a hasken rana. Abin da ya gani ya rubuto mana shi a wannan fili. Kafin nan, ya taimaka ya gaya wa masu karatunsa su dakata da tokar.